Itatuwa da Tsirran Daji Mai Kaɗe Ganye a Turai: Misalin Dajin Biyawobeja

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa da aka ba aikin fassara labarin da ya faru a wani dajin Turai yakan ci karo da matsala biyu. Ta farko, itatuwan da ke cikin labarin ba su da suna a Hausa, domin ba sa fitowa a ƙasar Hausa. Ta biyu, ko da an laƙa musu suna, mai karatu ba zai gane abin da ake nufi ba matuƙar bai san yadda irin wannan daji yake rayuwa ba. Wannan takarda za ta yi bayani a kan itatuwa da tsirrai ƴan asalin dajin nan da ke kaɗe ganyensa idan hunturu ya gabato, ya sake toho idan sanyi ya wuce. Ana samun irinsa a Turai da gabashin Amurka ta Arewa da gabashin Asiya, wato wasu sassan Sin da Koriya da Japan.

An ɗauki daji guda a matsayin misali, shi ne wanda mutanen Polan ke rubutawa Białowieża, ana furta shi kamar Biyawobeja. Abin da za a nuna shi ne, sanyi da hasken rana su ke tsara rayuwar kowane tsiro a wannan daji, kuma ganyen da ya kaɗe da itacen da ya mutu su ke ciyar da masu rai.

Sunayen itatuwan da za a yi amfani da su na harshen Polan ne, an daidaita su da furucin Hausa ta hanyar saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kamar yadda aka yi wa kalmomin aro irin su burodi da furofesa. Za a riƙa bin kowane da sunansa na kimiyya, wanda yake na Latin.

2.0 Wurin da Yanayinsa

Dajin Biyawobeja yana kan iyakar Polan da Belarus. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,500, wajen kashi 40 cikin ɗari a Polan, sauran a Belarus. Ana lissafa shi cikin ragowar tsohon kurmin da ya taɓa rufe shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Turai bayan ƙanƙarar zamanin da ta narke, sama da shekara 10,000 da suka wuce.

Ruwan da ke sauka a wurin a shekara yana tsakanin milimita 600 da 650, wato bai ɗara na Yamai da yawa ba. Amma duk da haka can kurmi ne, domin ruwan yana sauka ne a kowane wata, wani a matsayin dusar ƙanƙara, kuma babu zafin ranar da zai ƙafar da shi nan da nan.

Shekara ta kasu kashi huɗu, kuma kason bai yi daidai da bazara da damina da kaka da rani na Hausa ba. A nan za a kira su lokacin toho (Maris zuwa Mayu), lokacin zafi (Yuni zuwa Agusta), kaka (Satumba zuwa Nuwamba) da hunturu (Disamba zuwa Fabrairu). A hunturu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da sifili, har ruwan cikin ƙasa ya daskare. Tsawon yini ma yana sauyawa ƙwarai: a ƙarshen Yuni rana takan yi kusan awa 17 ba ta faɗi ba, a ƙarshen Disamba kuwa yinin ba ya cika awa 8.

3.0 Dalilin Kaɗe Ganye

Ta ganye ne itace ke haɗa abincinsa da hasken rana, ta nan ne kuma yake asarar ruwa. Idan ƙasa ta daskare, saiwa ba ta iya zuƙo ruwa, ko da kuwa ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ke nan hunturu fari ne a wurin itace. Wanda ya riƙe faffaɗan ganye a wannan lokaci zai yi ta fitar da ruwan da ba shi da hanyar mayarwa, ga kuma nauyin dusar ƙanƙara da za ta taru a kan ganyen ta karya rassa. Dabarar ɗaya ce da ta kuka da rimi, waɗanda ke kaɗe ganye da rani. Bambancin kawai shi ne, rashin ruwan sama ke sa kuka kaɗewa, daskarewar ruwa ke sa itatuwan Biyawobeja.

Itacen ba ya jira sai sanyi ya ƙone ganyen. Da zarar yini ya fara gajarta a watan Satumba, sai ya shiga warware koren sinadarin da ke cikin ganye, yana janye abubuwa masu amfani irin su naitirojin zuwa rassa da saiwa, ya ajiye su don baɗi. Idan koren ya tafi, sai launin rawaya da yake ɓoye a ƙarƙashinsa ya bayyana. Wasu itatuwan kuma sukan ƙera jan launi sabo a daidai wannan lokaci. Wannan ne asalin launukan kaka da marubutan Turai ke yawan ambato. Daga nan sai wani siririn ɓawo ya toshe gindin ganyen, iska ta kaɗe shi. Tohon baɗi kuwa tuni an shirya shi tun lokacin zafi, yana naɗe cikin ƙananan ɓawo masu kare shi daga sanyi.

Harshen Polan ya adana wannan tsari a sunayen watanni. Nuwamba shi ne listopad, ma'anarsa faɗuwar ganye. Afrilu shi ne kwiecień, daga kalmar fure.

Akwai itatuwa biyu manya a dajin da ba sa bin wannan ƙa'ida, wato sosna (Pinus sylvestris) da shifiyerk (Picea abies). Ganyensu siriri ne kamar allura, an lulluɓe shi da wani abu mai kama da kakin zuma, don haka ruwan da ke fita ta cikinsa kaɗan ne. Suna nan kore shar duk shekara. Sun fi yawa a inda ƙasa take da yashi ko tsami, masu faffaɗan ganye kuma sun mamaye inda ƙasa take da ƙarfi.

4.0 Manyan Itatuwa

Itatuwa uku ne ginshiƙin ɓangaren da ke kaɗe ganye: domb da lipa da girab.

Domb (Quercus robur) shi ne Turawan Ingila ke kira oak, Faransawa kuma chêne. A Biyawobeja yakan miƙe sambal ya wuce mita 35, wasu har 40, domin yana neman haske tsakanin maƙwabta. Yana daɗewa ƙwarai. Wani sananne daga cikinsu, wanda aka laƙa wa sunan Sarki Yagiyewo, iska ta kayar da shi a 1974, aka ƙiyasta shekarunsa wajen 450. Ƴaƴansa ƙwaya ce mai ɗan tsawo, zaune cikin wata ƴar hula. Ba kowace shekara yake zuba su da yawa ba. Sai an yi ƴan shekaru ana samun kaɗan, sannan wata shekara dukkan itatuwan su yi ƴaƴa birjik lokaci guda, har ɓeraye da aladun daji su ci su bari. Ragowar ita ke tsirowa. Wani tsuntsu dangin hankaka yana binne ƴaƴan a ƙasa don abincin hunturu, waɗanda ya manta da su sai su zama shuka. Ɗan domb yana bukatar haske, ba ya girma a cikin inuwa mai duhu.

Lipa (Tilia cordata) tana da ganye mai siffar zuciya. Tana fure a ƙarshen Yuni da cikin Yuli, furen yana da ƙamshi, ƙudan zuma suna tururuwa a kansa. Daga sunanta aka samo lipiec, wato watan Yuli a harshen Polan. Ana shanya furen a dafa kamar shayi don mura, ana kuma yin igiya da zaren cikin ɓawonta. Itacenta mai laushi ne, masassaƙa suna son sa. Da shi Veit Stoss ya sassaƙa gumakan babban cocin Maryamu na birnin Krakow tsakanin 1477 da 1489. Ya kamata mai fassara ya lura cewa a Ingilishi sunan lipa ya zo ɗaya da na lemun tsami, alhali babu wata dangantaka tsakaninsu.

Girab (Carpinus betulus) bai kai waɗancan tsawo ba, yana zaune a ƙarƙashinsu ya yi rumfa ta biyu. Yana jure inuwa, yana kuma jure cin da barewar Turai da ɓauna ke yi wa ƙananan itatuwa. Wannan ya sa ya fi kowane yawa cikin masu tasowa. Itacensa tauri gare shi, da shi ake yin ƙota da haƙoran injin niƙa na da.

A tare da su akwai kulon (Acer platanoides), mai ganye kamar tafin hannu da ƴaƴa masu fukafukai da ke juyawa cikin iska in sun faɗo. A bakin rafuka kuma akwai yeshon (Fraxinus excelsior), wanda kan wuce mita 40. A fadamu inda ruwa ke kwanciya olsha (Alnus glutinosa) ce ke sarauta. Saiwarta tana da ƙululu masu ɗauke da ƙwayoyin halitta da ke kamo naitirojin daga iska, aikin da ƙululun saiwar wake da gyaɗa ke yi a gona. Idan aka sare ta, farin itacen yakan rikiɗe ja-ja cikin ɗan lokaci.

Bujoza (Betula pendula), mai farin ɓawo, ita ce kan fara kama wurin da gobara ko guguwa ta buɗe. Irinta ƙanana ne, iska ke yaɗa su. Tana girma da sauri, amma da wuya ta wuce shekara 100. A cikin ƴar inuwarta girab da lipa ke tasowa, har su shaƙe ta su gaje wurin. Ta haka dajin yake sabunta kansa, gurbi bayan gurbi, duk inda wani babba ya faɗi haske ya shigo.

5.0 Ƙananan Itatuwa da Tsirran Ƙasa

Idan rumfar ganye ta rufe a tsakiyar Mayu, hasken da ke isa ƙasa ba ya kai kashi 5 cikin ɗari na wanda ke sama. Don haka tsirran ƙasa ba su da dama sai ƴan makonnin da ke tsakanin narkewar ƙanƙara da fitowar ganye, wato daga ƙarshen Maris zuwa farkon Mayu. A cikin wannan ɗan lokaci za su toho, su yi fure, su zuba iri, su tara abincin baɗi.

Leshcina (Corylus avellana), ƙaramin itace mai rassa da yawa daga gindi, ita ke fara fure, wani lokaci tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Iska ce ke ɗaukar garin furenta daga wannan zuwa wancan, saboda haka take yin sa kafin ganye ya fito ya tare hanya. Olsha da yeshon ma haka suke yi. Ƴaƴan leshcina suna nuna a Satumba, mutane da kurege duk suna ci.

A ƙasa kuwa, Hepatica nobilis mai shuɗin fure ke fara bayyana tsakanin busassun ganye. A Afrilu sai zabilets (Anemone nemorosa) ta rufe ƙasa da farin fure iyakar ganin ido. A Mayu, a wurare masu laima, wata ƴar uwar albasa ce ke fitowa, Allium ursinum, wadda mutanen Polan ke kira tafarnuwar beyar. Warinta na tafarnuwa yakan cika dajin, ana kuma cin ganyenta. Sai dai ganyen yana kama da na konbaliya (Convallaria majalis), wadda guba ce, kuma mai tsinka yana rarrabe su ne da wari.

Abin da ke ba waɗannan tsirrai damar sauri shi ne ajiya. Kowanne yana da rumbu a ƙarƙashin ƙasa: wani kai irin na albasa, wani saiwa mai rarrafe irin ta citta. Da abincin bara suke toho. Kafin tsakiyar lokacin zafi ganyen zabilets ya bushe, ba a ganin alamarta sai wata shekara. Albasar kwaɗi a ƙasar Hausa haka take kwanciya duk rani ta farka da ruwan farko. Ita ruwa take jira, zabilets kuwa haske.

Yawancin waɗannan tsirrai ba sa yaɗuwa da sauri. Tururuwa ce ke jan irin wasu, saboda ɗan maiƙon da ke manne da shi, kuma tafiyar ba ta wuce ƴan mitoci. Saiwar zabilets ƴan santimitoci take ƙarawa a shekara. Shi ya sa masana ke ɗaukar yawansu a wuri a matsayin shaidar cewa dajin tsoho ne. Ana iya sare daji a dasa sababbin itatuwa cikin shekara guda, amma tsirran ƙasa ba sa dawowa sai bayan tsawon zamani.

Akwai kuma masu rayuwa a jikin wasu. Lathraea squamaria ba ta da koren ganye ko kaɗan, tana manne da saiwar leshcina da olsha tana tsotsa. Dangi ɗaya take da ƙudujin da ke addabar gero da dawa. Yemiyowa (Viscum album) kuma tana zaune a kan rassa kamar kauci, tsuntsaye ke yaɗa irinta. An fi ganinta da hunturu, dunƙulen kore a kan itacen da ba ganye.

6.0 Busasshen Ganye da Mataccen Itace

Ganyen da ya kaɗe a kaka shi ne takin dajin. Tana da ƙwari da naman kaza ke ruɓar da shi. Na lipa da yeshon da olsha yakan narke cikin shekara guda. Na domb yana daɗewa, domin yana da sinadarin nan mai ɗaure baki da ke cikin bagaruwa. Saboda wannan sinadari ne majeman Turai suka daɗe suna jima da ɓawon domb. Wasu nau'o'in naman kaza kuma zarensu yana naɗe da saiwar domb da girab da bujoza, suna kawo wa itacen ruwa da gishirin ƙasa, shi kuma yana ba su sukari.

Babu gara a Biyawobeja. Itacen da ya faɗi yakan kwanta shekaru gommai kafin ya zama ƙasa, kuma duk tsawon wannan lokaci gida ne. Gansakuka takan rufe shi, tsutsotsin ƙwari su huda shi, tsuntsaye masu ƙwanƙwasar itace su zo cin tsutsotsin. Ƴaƴan shifiyerk sukan tsiro a jere a kan ruɓaɓɓen kututture, inda ciyawa ba ta shaƙe su. Rassan wanda ya faɗi kuma sukan zama shinge ga ƙananan itatuwa, dabbobi ba sa isa gare su. A ɓangaren da aka hana taɓawa, mataccen itace ya wuce kubik mita 100 a kowace hekta, ninkin-ba-ninkin abin da ake bari a dajin katako. Hukumar UNESCO ta lissafa nau'in dabbobi masu shayarwa 59 a dajin, da tsuntsaye sama da 250, da ƙwari da makamantansu sama da 12,000, kuma da yawansu a mataccen itace suke rayuwa.

7.0 Tarihi da Taƙaddama

Farauta ce ta tsirar da dajin daga gatari. Sarakunan Polan da Lituweniya sun keɓe shi don farautar ɓaunar Turai, bayan 1795 kuma ya koma hannun Rasha. Mutanen yankin suna da haƙƙin yankan ciyawa da ɗibar zuma. Maimakon rataya amya a reshe, sukan fafe rami a jikin itace mai rai, galibi sosna, ƙudan zuma su shiga. UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin al'adun duniya a 2020.

Sara mai yawa ya faro ne lokacin da Jamus ta mamaye yankin daga 1915 zuwa 1918. A 1919 ɓauna ta ƙare a dajin. An dawo da wasu daga gidajen dabbobi a 1929, aka fara sakin su a 1952. An keɓe wani ɓangare a 1921, ya zama gandun ƙasa a 1932, UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Amma gandun, mai murabba'in kilomita 105 tun 1996, kashi ɗaya ne kawai cikin shida na ɓangaren Polan. Sauran yana hannun hukumar katako.

Daga 2012 wani ƙwaro mai huda ɓawon shifiyerk ya yaɗu, ya kashe itatuwa masu yawa waɗanda fari ya riga ya raunana. A Maris 2016 ministan muhalli na Polan, Jan Szyszko, ya ninka katakon da aka yarda a sare a ɗaya daga gundumomin dajin har kusan sau uku, daga kubik mita 63,000 zuwa 188,000. Ma'aikatan daji sun ce sai an kwashe masu cutar ne za a ceci sauran. Masana halitta da yawa suka ce annobar ƙwaron wani ɓangare ne na rayuwar dajin, kuma inda shifiyerk ya mutu girab da lipa da domb za su samu hasken tasowa, muddin aka bar gawar a wurinta ba a tattake ƙasar da manyan injuna ba. A ranar 17 ga Afrilu 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa saran ya saɓa wa dokokinta na kare muhalli.

Akwai wasu barazanar. Wata cuta da ta samo asali daga gabashin Asiya, wadda aka fara gani a Polan a farkon shekarun 1990, ta kashe yeshon masu yawa a Turai. A 2022 kuma Polan ta gina shingen ƙarfe mai tsayin mita 5.5 a kan iyakarta da Belarus, ya ratsa dajin ya raba dabbobin ɓangarorin biyu.

8.0 Kammalawa

An ga yadda daskarewar ruwa ke sa itatuwan wannan daji kaɗe ganye, da yadda tsirran ƙasa ke amfani da ƴan makonnin hasken da hakan ya bar musu, da yadda abin da ya mutu ke komawa abinci. Ga mai fassara, hanya biyu ce ta fi dacewa: ya ari sunan itacen ya daidaita shi da furucin Hausa, ko ya bayyana siffarsa da aikinsa a taƙaice, ko ma ya haɗa biyun a karon farko da sunan ya fito. Abin da ya kamata ya guje wa shi ne laƙa wa itacen sunan wani na gida saboda kama ta ido. Wanda ya kira domb kuka don girmansa ya sa mai karatu tunanin miya da kwalba-da-nono, ya kuma ɓoye masa ƴaƴan da aladun daji ke tono a ƙarƙashin ƙanƙara. Haka nan idan marubucin Turai ya ce itatuwa sun tsaya ba ganye, sanyi da gajeren yini yake nufi, kuma wajibi ne fassarar ta nuna hakan, don kada mai karatu ya ɗauka tsakiyar rani ake.